Filin Gona da Lambu: Ruwa Ya Ɗauke, Lambu Yana Jira

A nan wajenmu ruwa ya ɗauke, an yanke gero tuni, dawa ta sunkuyar da kai, da asuba kuma mutum ya fara laluben mayafi. A wannan wata ina so mu bar gonar tudu mu shiga lambu, gama aikin da a ke yi masa a cikin mako 6 ɗin nan, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, shi ne ya kan nuna abin da gida zai ci da abin da zai sayar har watan Afrilu.

Lambun da zan ba ku labarinsa na gidanmu ne, a ƙasar Gezawa, arewa maso gabas da birnin Kano. Mahaifinmu ya bar mana shi, ni da yayana. Ya kusa eka 2, a bakin wata 'yar fadama, da rijiya biyu, da mangwaro bakwai, da gwaiba, da lemun tsami, da wani tsohon gawo a tsakiya. A ƙasar da gonaki su ke manne da juna, ba ka ganin daji ko kaɗan sai iyakar gamba da lalle, eka 2 ba ƙaramin abu ba ne. Ni ina makaranta daga Litinin har Jumma'a, sai Asabar na ke samun zuwa. Yaya shi ke kan aikin kullum. Kuɗin makarantar yara biyar, nasa uku nawa biyu, rabinsu ko fiye daga albasar lambun nan su ke fitowa.

To, bara mun sha wuya, kuma mu muka jawo wa kanmu. Mun zuba irin albasa a kan kari, ya tsiro ya yi kore shar. Shingen gefen yamma kuwa damina ta kwantar da shi. Na ce wa Yaya za mu gyara ran Asabar, Asabar ta zo muka tafi ɗaurin dawa, muka ce sai ta gaba. Kun san al'adar ƙasarmu: da damina awaki da tumaki suna ɗaure a turke ana kawo musu ciyawa, da an kwashe amfanin gona sai a sake su. Ran da maƙwabta suka saki nasu, kafin la'asar ba abin da ya rage a fangalin nan sai sawun kofato. Ba mu da bakin yi wa kowa magana, gama ba akuya ce ta karya shinge ba. Muka sake zuba wani iri, ba mu yi dashe ba sai cikin Janairu. Albasa tana son sanyi domin ta tara ganye, sa'an nan in zafi ya fara sai ta juya ta yi ƙwai. Tamu zafi ya tarar da ita da ganye huɗu ko biyar, sai ta yi 'ya'ya kamar ƙwan zabo. Kuɗin zango na uku sai da na ci bashi, ban kuwa gama biya ba sai da aka shiga damina.

Saboda haka bana shinge muka fara, tun kafin a taɓa fartanya. Wanda ya ke da lambu ya zaga shi a tsugune, ba a tsaye ba, gama ɗan akuya ba ta sama ya ke shiga ba. Inda hannunka ya shiga har kafaɗa, zai shiga. Yanzu lokacin toshewa ne da ƙayar magarya ko ta aduwa, da kuma darnin kara. Masu son shinge mai rai, na dashi ko na aguwa, su yi haƙuri sai bazara, dab da faɗuwar ruwa, sa'an nan a ke sara rassan a kafa su kama. In kuna sarar aguwa ku kiyaye idanunku da farin ruwanta, ku kuma hana yara wasa da shi.

Bayan shinge sai shara. Nan ne mu kan yi gardama da Yaya kowace shekara. Shi a wurinsa lambu bai gyaru ba sai an tara kome an cinna wuta, ƙasa ta yi fes kamar tsakar gidan amarya. Ya kan ce mini, "Malam, kai a littafi ka ke noma. Baba haka ya ke yi, bai taɓa kwana da yunwa ba." Ni kuma in ce, "Yaya, Baba yana da shanu huɗu da jakuna biyu masu kawo masa taki. Mu ina namu?" Bana mun raba gardamar, kuma ina ganin yadda muka raba ta ya isa a gaya wa wani.

Akwai abin da wuta ce kaɗai ta dace da shi. Tsofaffin jikin tumatir da attaruhu da gauta na damina, a tumɓuke su da saiwarsu a ƙone, gama a jikinsu cuta da ƙwari su ke fakewa su jira sabon dashe. In kun tumɓuke kun ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar an jera duwatsun wuya, wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani ta ke cikin ƙasar. Kada a mayar da tumatir ko kuɓewa wurin nan bana, a sa albasa ko tafarnuwa. Sai kuma ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. In kun shuka gero ko dawa a gefen lambu ya fito musu, to, ku sani tushe guda yana zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, suna kuwa iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar hatsi. A tsince shi a hankali a cikin buhu, kada a kaɗa shi, a kai shi wuta. Kada a zuba wa dabbobi, kada kuma a jefa a juji.

Sauran duka ba na wuta ba ne. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure a ɗora bisa rufin ɗaki ko a kan reshe, wannan ko Yaya ba ya musu, don ya san abin da dami ya kan kai a kasuwa in Maris ya yi. Ganyen mangwaro, da busasshiyar ciyawa, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da sharar tsakar gida, duk abincin ƙasa ne. Wuta tana bar maka 'yar toka, amma abin da ke sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa ya bi hayaƙi. Ƙasarmu ta Gezawa jigawa ce mai yashi, ba ta da abin da za ta yi asararsa.

Kara yana da tasa magana. Tsutsar nan da ke huda karan dawa da na gero, ba ta mutuwa in an girbe hatsi. Ta kan kwanta a cikin busasshen kara duk rani, in damina ta zo ta zama malam-buɗe-littafi na dare ta yi ƙwai a kan sabuwar shuka. Tarin kara a tsaye ƙarƙashin inuwar itace, kamar yadda muka saba jingina shi, ɗaki ne muka gina mata. In aka baza karan a kwance a fili, ba mai kauri ba, rana ta buge shi na 'yan makonni, da yawansu za su mutu. Bayan haka a yi darni da shi, a yi girki da shi, abin da ya rage kuma a ƙarar da shi kafin ruwan fari. Amma ku lura sa'ad da ku ke ɗaga dami ko tarin ciyawa. Kaka lokacin maciji ne, kububuwa da kasa suna son ɗumin ƙarƙashin tari. A fara tura sanda kafin hannu, a sa takalmi mai rufi. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da mutum, a hana shi tafiya da ƙafa, a kai shi asibiti nan da nan.

Yanzu ga ramin taki. Mun haƙa guda biyu kusa da rijiyar gabas, a inuwa, kowanne zurfin ƙafa 3, faɗi ƙafa 4, tsawo ƙafa 6. A fara shimfiɗa busasshen ganye da ciyawa kamar kamu ɗaya, a bi da kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa har ya jiƙe amma kada ya yi caɓi. Haka za a yi ta jerawa har rami ya cika, a rufe da tsohon zana. A kafa sanda a tsakiya. Bayan kwana 4 ko 5 ka zare ta ka taɓa, in ta yi ɗumi aiki yana tafiya, in ta yi sanyi kuma a bushe, ƙara ruwa. Bayan mako 3 a juye shi cikin rami na biyu, na sama ya koma ƙasa. A wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya daina wari. Wanda muka haɗa yanzu ba zai riski dashen Nuwamba ba, na ƙarin taki ne a Janairu da kuma gonar damina. Na dashen bana tun watan Yuli ya kamata a haɗa shi, mu ma rabin abin da mu ke bukata kaɗai muka samu.

Wannan sha'ani na taki shi ne ya riƙe ƙasar Kano tun kaka da kakanni. Wani Baturen Ingila mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, a shekarun 1990 kuma Tumbau ta nan ƙasar Gezawa tana cikin ƙauyukan da ya yi aiki a kansu. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda a ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ga yawan jama'a, amma ba ta mutu ba. Amsar kuwa kowane tsoho a ƙauye ya san ta: harawa ta shiga cikin akuya, kashin akuya ya koma gona, jakuna su kai itace birni su komo da mangalar shara. Har ƙurar hunturu da mu ke kuka da ita, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana sauke ɗan abincin ƙasa a gonakinmu. Sai dai sharar birni ta yau ba irin ta zamanin Baba ba ce. Cike ta ke da leda, da fasasshen kwalba, da tsofaffin batura. Wanda ya sayi mota guda ya tankaɗe ta kafin ya kai komi, ya kuma ajiye ta ga gonar hatsi. Ni dai ba na sa ta inda zan shuka latas da karas da yara za su ci ɗanye.

Maganar gawon nan na tsakiya ma sai da ta taso. Wani ya zo ya taya shi don itace, kuɗin kuwa sun isa su biya bashin da na ambata. Yaya ya yi shiru, ni ma na yi shiru, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara cewa a sayar. Uwar gidan Yaya ce ta ce, "Ku sare shi, in Afrilu ya yi sai ku gaya wa tumaki abin da za su ci." Gaskiyarta. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: da damina ya kan zubar da ganyensa, don haka ba ya tare wa hatsi rana, da kaka kuma ya yi sabon ganye, ya ba da inuwa da rani, 'ya'yansa su zama abincin dabbobi sa'ad da ba ciyawa. Dubi geron da ke ƙarƙashinsa ka dubi na nesa da shi, ba sai an gaya maka ba. Mun bar shi.

Tun da muna maganar itace, a cikin shara za ku tarar da ƙananan tohon kalgo, da sabara, da magarya, da 'ya'yan gawo suna fitowa daga tsohon kututture. Mun saba sassabe su ƙasa-ƙasa. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin mishan ɗin SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta nuna wa manoma su zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, su sare sauran, su riƙa gyara rassan gefe. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, tohon ya kan tashi da sauri fiye da itacen da aka dasa. Manoman Nijar suka karɓi abin, ya bazu a gonaki masu yawan gaske. A cikin komayen kayan miya ba wurin itace, amma a bakin shinge da kusurwoyi mun bar guda 9 bana, mun ɗaura musu jan ƙyalle don kada ɗan ƙodago ya share su.

Sababbin itatuwan marmari ba yanzu a ke dasa su ba, sai Yuni ko Yuli. Waɗanda aka dasa da daminar nan su ne abin kula, gama ranin farko shi ke kashe su. A yi wa kowanne kwano a gindi, a rufe da busasshiyar ciyawa, amma a bar kamar faɗin tafin hannu tsakanin ciyawar da jikin itacen saboda gara. Manyan mangwaro a cire musu busassun rassa da kauci kawai, kada a yi musu sara mai yawa, gama da hunturu za su yi fure. Zogale kuwa a datse shi daidai ƙirji, zai yi rassa da yawa inda hannun uwar gida zai kai.

Rijiya sai an yashe ta kafin ban ruwa ya kankama. Ina roƙonku da babbar murya a kan abu biyu. Kafin mutum ya shiga, a zura fitila mai wuta da igiya har ƙasa. In ta mutu, iskar ciki ba ta numfashi ba ce, kada kowa ya sauka. Na biyu, kada a taɓa saukar da injin fetur cikin rijiya don a tsotse ruwan alhali mutum yana ciki. Hayaƙinsa ba ya ba da sanarwa, ya kan kashe wanda ya shiga ya kuma kashe wanda ya bi shi ceto. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, manya biyu su tsaya a baki. Baba da jigo ya yi ban ruwansa, mu muka koma inji, tun da aka janye tallafin mai a shekarar 2023, kuɗin fetur ya sa muka fara auna kowane komi. Waɗansu maƙwabta sun sayi inji mai aiki da hasken rana. Mu ba mu kai ba tukuna, abin da muka yi shi ne rage faɗin shuka, mu matso da kome kusa da rijiya. 'Yan'uwanmu masu lambu a bakin kogin Jakara da dam ɗin Wasai ba su da ƙarancin ruwa kamarmu, amma ruwan nan ya ratso birni ya kwaso dattin kwatami da na masana'antun Bompai. Mai sayen latas ko kabeji a kasuwa bai san inda aka yi ban ruwansa ba, saboda haka uwar gida ta wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta, ba sau ɗaya ba.

Sa'an nan shuka. Irin albasarmu mun zuba shi a makon farko na Oktoba, a layi-layi, aka rufe da ciyawa mara nauyi har ya tsiro, sa'an nan aka janye. Zai yi mako 6 zuwa 7 kafin dashe, in ya kai kaurin fensir ko kusa. A dasa shi da yamma, inci 4 zuwa 5 tsakani, kada a binne wuyan da zurfi. Wanda bai zuba iri ba har yanzu, ya nemi dashe wurin mutumin da ya amince da shi, kada ya bi sawunmu na bara. Tumatir mako 3 zuwa 4 ya ishe shi a wurin reno, a ba shi ƙafa 2 tsakani. Shi ma sanyin dare ya ke so, in ya makara har zafin Maris ya same shi sai furen ya yi ta zubewa. Tun 2016, shekarar da ƙwaron nan da manoma ke kira sharon ya cinye tumatir a Kadawa da Kura, ba mai shuka tumatir da zai yi sakaci. Ku riƙa duba ganye sau biyu a mako. In kun ga farin tabo kamar an zana hanya a cikin ganyen, ku tsinke ku ƙone, ku kuma nemi malamin gona kafin ku sayi magani. Yawan feshi da magani iri ɗaya shi ke sa ƙwaron ya saba da shi.

Karas ba a dasa shi, a wurinsa a ke shuka shi, a cuɗa irin da yashi don kada ya taru wuri ɗaya. Kada a ba shi ɗanyen taki, in ba haka ba zai yi ƙafafu biyu ko uku, ba mai saye. Kabeji ƙafa 2 tsakani, latas ƙafa 1. Alayyahu shi ne abokin mai gaggawa, mako 4 ka fara tsinka, saboda haka mu kan bar wa yara komi biyu su yi nasu, kuɗin kuma nasu ne na littafi da fensir. Mai son latas a teburinsa ran Kirsimeti ya lissafa baya: mako 3 a reno, mako 5 ko 6 bayan dashe. Watau irin ya shiga ƙasa kafin Oktoba ya ƙare. Kada kuma a zuba shi duka rana ɗaya, a raba shi kashi uku, kwana 10 tsakani, don kada ya nuna gaba ɗaya a rasa yadda za a yi da shi.

Asabar ɗin da ta wuce na tarar Yaya ya riga ya ja komaye 40 a gefen rijiyar gabas, ya zuba musu taki, ya kuma ƙara wa shingen yamma ƙaya layi na biyu ba tare da na ce kome ba. Albasar reno ta kai tsawon ɗan yatsa. Saura yasar rijiyar yamma da ɗaurin harawar wake, waɗannan su ne aikin Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu. A wata na gaba za mu yi maganar ajiyar wake, da buhun nan mai ninki uku da ba ya bukatar magani.